Bijimin Jamalu a Bangon Alhaji Nu'uman

Ni Tayyib, mai gyaran babur a bakin tashar Batsari, ni na ɗauki janareta a ranar. Saboda haka duk wanda ya ba ku labarin nan ba ta bakina ba, ji ya yi. Jamaluddeen kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, ko alƙali ba ya hana ni tona masa asiri.

Jamalu ya je Katsina ya yi kwas ɗin kwamfuta wanda bai kai tsawon azumi ba, ya dawo da tabarau marar magani da jaka a rataye. Ya kama shago mai faɗin akurki kusa da garejina, ya sa aka rubuta masa Injiniya a ƙofa. Aikin injiniyan kuwa cajin waya ne da tura wa'azi da waƙa. Amma in ya buɗe baki, wallahi sai ka rantse shi ya girka intanet a ƙasar nan.

To, duk da wannan baki, sai ga shi Allah ya ba shi Surayya, 'yar Safana. Abin da ta gani a jikinsa har yau ban gano ba, amma tana son sa, so na gaskiya. Shi ma yana son ta, wannan ba zan ci amanarsa ba. Mahaifinta ya rasu, baffanta Alhaji Nu'uman shi ne waliyyi. Mahauci ne tun yana saurayi, ƙato, mai magana a hankali kamar ana biyan sa kada ya yi.

Da lokacin tambayar aure ya zo, aka kira Kawu Mani daga Karare, shi ne babba a danginmu. Kowa ya san ango ba ya zuwa tambaya. Manya ke tafiya da goro da alewa, shi ya zauna gida yana cizon farce. Jamalu ya ce atafau da shi za a je.

"Kawu, zamani ya wuce nan. Ku je ku yi ta cewa yaronmu mai hankali ne, yaronmu mai sana'a ne? Ai ko ɓarawo haka ake faɗa a kansa. Ni nuna musu zan yi a bango, shafi bayan shafi, da majigi."

"Kai yaro, ka kiyaye ni," in ji Kawu. "A gidanmu ko takalmin ango ba a gani ranar tambaya."

"Ai ba ni zan yi magana ba, Kawu. Inji ne zai yi."

Aka kai ruwa rana. Uwarsa ta sa baki, ta ce a bar shi ya je ya danna abinsa ya yi shiru. Kawu ya ce ya ji, amma Allah ya shaida shi bai so ba. Jamalu ya ɗauki kwamfutarsa, ya aro majigi a hannun wani abokinsa, ya aro janaretana da ni kaina, muka hau bayan a-kori-kura da hantsi don mu dawo da sauran rana, kun dai san hanyarmu da ɓarayin daji.

A zauren Alhaji Nu'uman muka tarar da shi da Liman da dattawan unguwa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi Karare, aka tambayi damina da gyaɗa, aka sake komawa gida. Ana cikin haka Jamalu ya zaro farin yadi daga jaka ya fara warwarewa.

Liman ya ja da baya. "Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Allo ne, Malam, a kansa hoto zai fito."

"Naɗe shi," in ji Alhaji. "Ba a shigo mini da likkafani ranar alheri. Ga bango nan, jiya-jiya aka shafe shi da farar ƙasa."

Na tayar da janareta a waje, aka saki asabari a ƙofa, zaure ya yi duhu. Jamalu ya danna. Sai ga fuskarsa ta cika duniya: goshi a rufin ɗaki, kunne ɗaya a ƙofar cikin gida, hanci kuwa ya sauka daidai kan rawanin Liman. Daga bayan ƙofa muka ji muryar Gwaggo Bara'atu, yayar Alhaji, wadda duk Safana ke tsoron harshenta.

"A'uzu billahi! Wanga hanci duk na mutum ɗaya ne? Surayya, zo ki ga abin da za ki riƙa tashi da shi!"

In da wani ne, da ya ji kunya. Jamalu gyara tabarau ya yi. Alƙawarin shiru kuwa tun a mota ya faɗi.

"Kada ku damu, iyayena. Wannan cika allo gaba ɗaya aikin 'yan koyo ne. Mu masana a taga muke nunawa." Ya latsa nan, ya latsa can, hoton ya koma cikin ɗan akwati a tsakiyar bango. "Kun gani? Wannan ita ake kira taga. In na kama kusurwarta da linzamin kwamfutar nan na ja, ta buɗe. In na tura, ta tsuke. Girman da na ga dama shi nake ba ta. A duk ƙaramar hukumar nan mutum biyu ne suka iya wannan, ɗayan ma ni na koya masa."

Ya ja, ta buɗe. Ya tura, ta tsuke. Ya sake ja. Dattawa suka ce, "Ikon Allah." Maƙwabta da suka ji ƙarar janareta suka fara ɗaga asabari suna shigowa, har zaure ya cika.

Shafi na farko, Jamalu da kwat ya jingina da wata mota. Na san motar, ta likitan da ke kawo mini babur ɗin ɗansa ce, amma na kama bakina. Shafi na biyu, shagonsa, an ɗauko shi ta inda ba a ganin ƙarshensa. Shafi na uku an rubuta Dukiyata da jan rubutu, a ƙasa kuma ga ɗan farin maraƙin da yake kiwo a gidan Kawu Mani. Shi ke nan abin da ya mallaka mai numfashi. Kwanciya ya yi a ƙasa ya ɗauki hoton, ba mutum ba bishiya a kusa, sai sama.

Liman ya ƙanƙance ido. "Akuya ce?"

Ai kuwa kamar an watsa wa Jamalu barkono.

"Akuya, Malam? Taga ce ta yi ƙanƙanta!"

Ya kama kusurwa ya ja. Maraƙi ya kai tunkiya. Wani daga baya ya ce, "Ƙara!" Ya ja, ya kai jaki. "Ƙara, Injiniya!" Wannan suna da ya ji a bakin mutanen Safana shi ya ƙarasa shi. Ya ja, ya ja, har linzami ya faɗo daga kan jakar da ya ɗora shi, ya ɗauka ya sake ja. Maraƙi ya tashi daga ƙasan bango har kusa da azara. Zaure ya ɗauki sowa.

Jamalu ya miƙe tsaye, ya nuna bango. "Baba Alhaji, wannan shi ne sadakin Surayya!"

Kawu Mani ya kai hannu ya murɗe masa naman cinya. Ko gezau.

Alhaji Nu'uman ya daɗe yana kallon bango. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana shafa bayan shanu a kara, kada ku ce bai san abin da yake gani ba.

"Ina ƙahon?"

"Irin na Turai ne, Baba, ba sa ƙaho."

"Tozo fa?"

"Yana ciki. Nama ne ya rufe shi."

"To. Yaro, ina son in fahimta, don ni ban yi boko ba. Na ga ka ja ya girma, ka tura ya ƙanƙance. Wane ne girman nashi na gaskiya? Wanga, ko na ɗazu?"

Jama'a, ga ƙofa an buɗe masa har da riƙe masa labule. Na taka masa ƙafa. Kawu ya yi tari irin na mai shirin mutuwa. Jamalu ya dubi taron da ke kiransa Injiniya, ya yi murmushi.

"Baba, wannan ma bangonku ne ya yi kaɗan."

"Madalla," in ji Alhaji. "Bara'atu, miƙo mini gawayi."

Hannu ya fito ta ƙofa da gawayi, kamar dama a shirye yake. Alhaji ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya bi gefen hoton da zane tun daga hanci, ya hau kan turmi ya bi gadon baya, ya sauko ta wutsiya, ya zagaye ƙafafu. Ya karkaɗe hannu.

"Liman, ku shaida. Mun karɓi sadaki. Ranar da aka kawo shi ya cika zanen ga, a ɗaura. Muddin zanen na bango, ba ni sauraron kowa kan Surayya sai shi."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Na kashe janareta, hoto ya ɓace, zane ya tsaya.

A hanyar dawowa Kawu Mani bai bar zagi ko ɗaya ga gobe ba.

"Shashasha! Sakarai! Maraƙin da jiya ya bar nono? Da ka rufe baki, sadaki daidai ƙarfinka za su yanka, mutanen kirki ne!"

"Kawu, ku ba ku san kimiyya ba. Girma ai lissafi ne."

"Lissafin uwaka!" in ji Kawu, ya manta ƙanwarsa ce.

Kimiyya ta farko, ƙiba. Jamalu ya rufe shago ya tare a Karare. Ya binciko wani haɗi a waya: dusa, tunkuza, kanwa, garin ƙuli-ƙuli, da wani ruwa a kwalba da ya saya a kasuwa wanda mai sayarwa ya rantse ko sauro ya sha sai ya yi tozo. Ya ɗura wa maraƙi safe da yamma. Maraƙi ya kumbura kwana ɗaya, Jamalu ya kira ni a waya yana ihu in zo in ga ikon ilimi. Kafin in isa, zawo ya ɓalle. Abin da na tarar ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin hanya, matar Kawu kuma tana wanke tsakar gida tana Allah ya isa.

Kimiyya ta biyu, aro. Shanun kirki sun yi wuya a yankinmu, wanda ke da su ba ya so a sani. Amma Manu, wani Bafulatani da ke zaune bayan Karare, yana da jan bijimi guda da yake ji da shi kamar ɗansa. Jamalu ya ja ni muka je.

"Aro na yini ɗaya, Manu. A kai shi Safana a dawo da shi."

"Naka ba fari ba ne? Duk gari an ce fari ne, marar ƙaho."

"Wannan ƙaramin abu ne. Farar ƙasa za mu shafa masa. Ƙahon kuma na zo da zarto, in an gama sai a manna da gam."

Manu ya miƙe tsaye. Sandarsa ce ta yi magana. Ni na tsallake shingen ƙaya, Jamalu ya bi ta cikinsa. Tabarau dai har yau yana wurin Manu, an ce ɗansa ke sawa in zai tafi kiwo.

Kimiyya ta uku ita ce ya fi alfahari da ita. Ya sayar da batiran cajinsa, ya ɗauki mai fenti ya tura Safana, wai kyauta ce daga suruki, a shafe gidan Alhaji ciki da waje. Alhaji ya yi godiya ƙwarai. Aka shafe ɗakuna, aka shafe katanga, aka shafe har makewayi da akurkin kaji. Da mai fenti ya doshi bangon zaure, sai ya tarar da Gwaggo Bara'atu ta kafa kujera a gindinsa da muciya a hannu.

"Taɓa shi ka gani. Wanga bango amana ce."

Kafin nan zane ya yi suna. Ranar kasuwar Safana mutane har layi suke yi su leƙa. Wani ya kawo jakinsa ya gwada, bai kai gwiwa da kirki ba. Masu tsire suka fara cewa, "Na nawa za a yanka maka, na gaskiya ko na Injiniya?" Direbobi suka kawo maganar har Batsari. In babur ya ƙi tashi a garejina, sai ka ji mai shi ya ce in ja masa kusurwa.

Surayya ta kira shi, ina zaune a shagon, wayar a buɗe.

"Jamalu, don girman Allah ka je ka gaya wa Baffa gaskiya. Na gaji da dariyar da ake yi mini a rijiya."

"Wace gaskiya kuma? Ke dai ki fara ƙunshi. Na gano hanya."

"Ni ba hanya nake so ba, kai nake so."

"To ai ni ne hanyar," in ji shi, ya kashe waya yana yi mini fari da ido. Na ce masa, "Taubashi, ka ji abin da yarinyar nan ta ce kuwa?" Ya ce mata ba su san fasaha ba.

Ya aika Safana cewa sadaki na tafe, ya kuma zaɓi ranar kasuwa da kansa, don a shaida. Kawu Mani ya ce ko da sarƙa ba za a ja shi ba, sai da ya ji an ce to wa zai karɓi aure in abin ya yiwu, sannan ya hau mota yana istigfari. Muka lulluɓe maraƙi da buhuna, muka shigar da shi zaure tun kafin jama'a su taru. Jamalu ya kafa tabarma a tsaye a wani lungu, ya ɓoye maraƙi da majigi a bayanta, ya bar kafa ta wajen bango. Ni aka ba igiya, aka ce in durƙusa in riƙe, janareta kuma wani ya tayar.

Zaure ya cika har ana hawa kan juna. Aka saki asabari.

"Iyayena," in ji Jamalu, "bijimin nan ba ya son ido, irin na Turai haka suke. Kowa ya dubi bango kawai."

Ya buɗe farar taga wadda babu komai a ciki, haske ya bugi maraƙi, inuwa ta faɗa bango. Ya ja kusurwa har haske ya rufe zanen duka. Ya raɗa mini in matso da maraƙin kusa da fitilar majigi. Na matso. Inuwa ta kumbura, ta hau, ta hau, hanci ya zauna kan hanci, baya kan baya, wutsiya kan wutsiya. Wallahi tallahi ta cika zanen nan cif. Zaure ya yi tsit.

"Allahu akbar," in ji Liman.

Sai bijimin Turai ya buɗe baki ya yi wani siririn kuka, irin na jaririn da ke neman uwa.

Aka fara ƙus-ƙus. Zafin fitila ya dami maraƙi a gindi, ga ragowar haɗin kimiyya bai gama fita ba. Duk zaure suka ga inuwar wutsiya, mai kaurin tabarya, ta ɗaga sama a hankali. Ni da ke kusa na san abin da ke tafe, na saki igiya na kare fuskata. Majigin aro bai da hannun karewa. Ya yi tsuuu, ya yi hayaƙi, ya mutu. Wari ya tashi, maraƙi ya yi tsalle ya ture tabarma, ya bi ta kan cinyar Liman.

"A ɗaga asabari! Za mu mutu!"

Haske ya shigo. Ga ɗan maraƙi tsaye a gindin bango yana rawar jiki, duk jikinsa bai cika tsakanin ƙafafun zanen ba. Dariyar da aka yi, an ce har 'yan kara sun ji. Gwaggo Bara'atu ta riƙe ƙofa tana share hawaye.

"Nu'uman, a ba shi ruwa, kada sadaki ya mutu a gidanmu a ce mun ci!"

Ana cikin wannan sai aka ji muryar Surayya daga bayan gwaggonta. Ba ta fito ba, amma ba ta yi ƙasa da murya ba, kuma dariya ta tsaya.

"Jamalu, tun daren ranar da kuka zo tambaya na gaya wa Baffa maraƙi ne. Ya ce ya sani tun kafin in faɗa. Na ce ni ya ishe ni, sadakina ne, na yarda. Ya ce shi ma ya yarda, abu ɗaya yake jira, ya ji daga bakinka. Don Allah, Jamalu."

Alhaji Nu'uman ya ɗaga hannu, kowa ya nutsu.

"Ka ji ta. Ga Liman, ga kawunka, ga shaidu, goro na cikin gida. Ba sai an sake taro ba, yanzu sai a ɗaura. Tambaya ɗaya ce." Ya nuna maraƙi. "Jamaluddeen, mine ne wanga?"

Kawu Mani ya haɗa hannu biyu yana roƙonsa da ido. Ni na matsa kusa da kunnensa na ce, "Maraƙi. Ka ce maraƙi, ɗan gwaggo." Na ga leɓensa ya haɗu zai faɗa, na rantse na gani. Sai ya ɗaga kai ya ga zaure cike, ga mutane a ƙofa, ga wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ya kai hannu zai gyara tabarau, babu tabarau.

"Bijimi ne, Baba. Wuta ce kawai ta ɗauke."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙofar cikin gida ta rufe a hankali. Alhaji ya ce a kawo masa tsumma da ruwa, ya hau turmi da kansa, ya goge zanen tun daga hanci har wutsiya, bai bar ko ɗigo ba. Ya sauko ya ba Kawu Mani hannu, ya ce a gaida mutanen Karare.

A bayan a-kori-kura muka dawo, ni da shi da maraƙi da gawar majigi. Kawu yana gaba, ko zagi bai yi ba. Mun yi nisa da Safana kafin Jamalu ya yi magana, idonsa jajir, hawaye na bin gemunsa.

"Tayyib, amma dai ka ga inuwar ta cika ko?"

Na ce, "Ta cika, taubashi."